Tasirin Zafi a Kan Isar da Lantarki a Samikwandakta: Takara Tsakanin Yawan 'Yan Dako da Kyan Hanya

Tsakure

Abin da aka saba koyarwa shi ne, ƙarfe yana rage isar da lantarki idan ya yi zafi, samikwandakta kuwa ƙarawa yake yi. Wannan maƙala ta bi diddigin maganar, ta nuna cewa ta tabbata a kan tsantsar samikwandakta, amma ba ta cika ba a kan wanda aka yi wa gauraye, wanda shi ne ke cikin na'urorin da ake amfani da su yau da kullum. Zafi yana yin aiki biyu masu karo da juna: yana ƙara yawan masu ɗaukar lantarki, yana kuma dagula musu hanya. An bayyana yadda wannan takara ke kasancewa a matakan zafi daban-daban, da abin da ta haifar a tarihin tiransista, da kuma asarar da take jawowa a farantan sola a ƙasashe masu zafi.

Fitilun Kalmomi: samikwandakta, zafi, isarwa, turjiya, silikon, gauraye

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1833, Michael Faraday yana gudanar da gwaje-gwaje a birnin Landan, sai ya ci karo da wani abu da ya saɓa wa abin da aka sani. Tun a 1821 maigidansa, Humphry Davy, ya nuna cewa duk lokacin da aka ɗumama waya ta ƙarfe, lantarkin da ke bi ta cikinta raguwa yake yi. Faraday ya ɗauki wani sinadari na haɗin azurfa da farar wuta, ya sanya shi a kan hanyar lantarki, ya kara masa harshen fitila. Maimakon lantarkin ya ragu, sai ya yi ta ƙaruwa gwargwadon hawan zafin. Da ya janye fitilar abin ya huce, sai lantarkin ya koma ƙasa. Ya rubuta abin da ya gani, amma bai kai ga dalilinsa ba. Ba a kuma zarge shi da gazawa ba, domin ya rasu a 1867, shekara 30 kafin J. J. Thomson ya gano ilektiron, wato ƙwayar da ke ɗauke da lantarkin.

Wannan gwaji ne masu tarihin kimiyya kan ambata a matsayin karo na farko da aka rubuta halayyar rukunin abubuwan da a yau ake kira samikwandakta. Kalmar aro ce daga Ingilishi, ma'anarta kuwa mai isarwa rabi-rabi: abin da ba ya sakin lantarki ya wuce kamar yadda jan ƙarfe da azurfa ke yi, ba ya kuma tare shi gaba ɗaya kamar roba da gilashi. Sunan bai yi masa cikakken adalci ba, domin abin da ya ba shi daraja shi ne saurin sauyawa. Ɗan zafi, ko haske, ko ɗigon wani sinadari na daban, ya isa ya kai shi kusa da ƙarfe ko ya mayar da shi kusa da gilashi. A kan wannan hali aka gina rediyo da wayar hannu da kwamfuta da farantin sola, kuma shi ne ke kashe su idan zafi ya wuce kima.

A cikin bayanin da ke tafe, "isarwa" na nufin ƙarfin da abu ke da shi na barin lantarki ya ratsa shi, "turjiya" kuwa kishiyarta ce. Duk inda aka ambaci digiri, na ma'aunin Salsiyas ake nufi.

2.0 Abin da ke Faruwa a Ƙarfe

Isarwar kowane abu ta rataya ne a kan sharuɗɗa biyu, kuma kasuwa ta isa misali. Yawan buhunan da za a kwashe daga bakin mota zuwa rumfuna cikin sa'a guda ya danganta da yawan 'yan dakon da suka fito aiki, da kuma yadda lungunan kasuwar suke, a sake ko a cunkushe. Idan aka ninka 'yan dako, kaya sun ninku. Idan lungu ya cushe har tafiya ta ragu da rabi, kaya sun ragu da rabi. Haka lantarki yake: yawan masu ɗaukarsa ake ninkawa da sauƙin tafiyarsu.

A jan ƙarfe, kusan kowace ƙwayar zarra tana sakin ilektiron guda ya yi yawo cikin ƙarfen. A ɗan dunƙule mai santimita ɗaya ta kowane ɓangare, wanda bai kai girman dunƙulen magi ba, akwai irin waɗannan sakakkun ilektiron kimanin 8.5 × 10²², wato adadi mai lambobi 23. Duk wanda zai fito aiki ya riga ya fito, ko ana sanyi ko ana zafi. Saboda haka zafi ba shi da abin da zai ƙara ta wannan fuska, sai hanya kawai ta rage masa. Zafi kuwa a asalinsa motsi ne: ƙwayoyin zarra da ke jere cikin tsari suna karkarwa a inda suke, kuma gwargwadon zafi gwargwadon karkarwar. Ilektiron da ke ratsa su yakan yi ta karo yana sauya alƙibla. Sakamakon haka turjiyar jan ƙarfe tana hawa da kimanin kashi 0.39 cikin 100 a kowane digiri guda. Wayar da ke cikin ƙwan lantarki irin na da, idan ta yi jawur, turjiyarta takan ninka ta lokacin sanyi fiye da sau goma. Shi ya sa irin wannan ƙwai ya fi mutuwa a daidai lokacin kunnawa, sa'ad da wayar ke da sanyi, lantarki kuma ya kwararo mata da yawa.

3.0 Tsantsar Silikon

Silikon, wanda daga yashi ake tace shi, yana da ilektiron huɗu a bayan kowace ƙwayar zarrarsa. Kowace ƙwaya tana da maƙwabta huɗu, kuma da kowane maƙwabci ta haɗa ilektiron guda suka ƙulla ɗauri. Ke nan babu ilektiron da ya rage ba shi da aiki. Duka a ɗaure suke cikin saƙar. A sanyi na ƙarshe, wato digiri 273 ƙasa da sifili, tsantsar silikon ba ya isar da komai.

Bayanin wannan al'amari ya samu ne bayan Felix Bloch ya fitar da ka'idar tafiyar ilektiron cikin jerarrun ƙwayoyin zarra a 1928, sannan Alan Wilson, masani ɗan Ingila, ya ɗora a kai a 1931. Abin da Wilson ya nuna shi ne, ilektiron a irin wannan abu yana iya zama a hawa biyu na kuzari: hawan ƙasa, inda yake a ɗaure, da hawan sama, inda yake a sake. Tsakaninsu akwai tazara wadda babu masauki a cikinta. Ko dai ilektiron ya sami kuzarin da zai tsallake ta gaba ɗaya, ko ya zauna inda yake. Ana auna wannan tazara da ma'aunin ilektiron-bolt, kuma a silikon ta kai 1.12.

A nan ne abin mamakin yake. Matsakaicin kuzarin da zafin ɗaki, kamar digiri 27, ke bayarwa bai wuce ilektiron-bolt 0.026 ba. Tazarar ta ninka shi sau 43. In da zafi yana rabuwa daidai wa daida tsakanin ƙwayoyi, da babu ilektiron ko ɗaya da zai taɓa tsallakewa. Amma rabon zafi kamar rabon arziki yake: mafi yawa suna da ɗan abin da ba a rasa ba, wasu ƙalilan kuwa, na ɗan lokaci, sukan tara mai yawa. Daga cikin waɗannan ƙalilan ake samun masu tsallakewa. A dunƙulen silikon mai santimita ɗaya ta kowane ɓangare akwai ƙwayoyin zarra kimanin 5 × 10²², amma sakakkun ilektiron a zafin ɗaki ba su wuce biliyan 10 ba. Adadin yana da girma a kunne, sai dai idan aka raba, ilektiron guda ne tak a cikin kowace ƙwayar zarra tiriliyan 5.

Kowane ilektiron da ya tsallake yakan bar gurbi a ɗaurin da ya fito, kuma gurbin shi ma ɗan dako ne. Mai kallon wasan dara ya san haka: idan aka tura ɗa zuwa gurbin da ke kusa, gurbin da ba kowa ya koma inda ɗan ya baro. Idan 'ya'ya suka yi ta matsawa gabas ɗaya bayan ɗaya, gurbin yana tafiya yamma ke nan. Haka ɗaurarrun ilektiron ke matsawa suna cike gurbi, gurbin kuma yana tafiya kamar wata ƙwaya mai caji fozitif, kishiyar cajin ilektiron wanda yake nagatif. Don haka zafi tagwaye yake haifarwa, ilektiron da gurbinsa. Wasu tagwayen suna haɗuwa su ɓace, wasu sababbi suna fitowa, kuma adadin da ake aunawa shi ne inda haihuwa da ɓacewa suka daidaita.

Muhimmin abu shi ne yadda wannan adadi ke hawa. Ba ƙari yake yi kaɗan-kaɗan kamar turjiyar jan ƙarfe ba, ninkawa yake yi. A kusa da zafin ɗaki, kowane ƙarin digiri 9 ko makamancin haka yana ninka yawan tagwayen a silikon sau biyu. Idan aka ɗaga zafin daga digiri 27 zuwa 127, adadinsu yakan ninku kimanin sau 500. A cikin wannan hawan, karkarwar ƙwayoyin zarra ta dagula hanya kamar yadda take yi a ƙarfe, har ma fiye, domin sauƙin tafiyar ilektiron yakan ragu da kusan rabi. To amma ina rabi ina ninki 500? Abin da ya rage bayan lissafi shi ne isarwa ta ƙaru fiye da sau 200, alhali jan ƙarfe a wannan hawan ya yi asarar kusan kashi 28 cikin 100 na tasa. Irin wannan hali ne Faraday ya gani a gaban fitilarsa.

Faɗin tazara shi ke yanke hukunci. Jamaniyam, ɗan'uwan silikon a tsari, tazararsa 0.67 ce kawai, saboda haka sakakkun ilektiron ɗinsa a zafin ɗaki sun ninka na silikon kimanin sau 2,000. Lu'ulu'un daimon kuwa, wanda saƙarsa iri ɗaya ce da ta silikon, tazararsa ta kai 5.5, kuma zafin ɗaki ba ya iya tsallakar da kowa. Bambancin da ke tsakanin samikwandakta da abin da ba ya isar da lantarki, ashe, na faɗin tazara ne kurum.

Akwai na'urar da ke cin moriyar wannan hali kai tsaye, wato tamista. Ɗan ƙullutu ne da ake haɗawa daga sinadaran manganis da nikel da kobal, wanda turjiyarsa ke faɗuwa da kimanin kashi 4 cikin 100 a kowane digiri, wato ya fi jan ƙarfe jin zafi sau goma. Shi ne a bakin ma'aunin zafin jiki mai lambobi, shi ke auna zafin ruwan injin mota, shi kuma ake maƙalawa a jikin batir don a tsayar da caji idan ya ɗau zafi.

4.0 Gauraye da Matakan Zafi Uku

Tsawon shekaru samikwandakta ya yi ƙaurin suna a wajen masana. Mutum biyu su auna abu iri ɗaya, kowa ya fito da nasa sakamako. A wata wasiƙa ta 1931, Wolfgang Pauli ya shawarci abokin aikinsa da a guji bincike a kansa, yana ganin ƙazamin fage ne. Ruwa ba ya tsami banza: inda 'yan dako na asali ba su wuce ɗaya cikin tiriliyoyi ba, baƙin sinadari ɗan mitsitsi ya isa ya rinjayi komai. Sai da aka ƙware wajen tacewa, musamman da dabarar da William Pfann ya fitar a ɗakunan binciken Bell a farkon shekarun 1950, sannan abin da yake aibi ya zama makami. Da aka iya cire baƙon da ba a so, sai aka iya zuba wanda ake so da awo.

Wannan shi ne gauraye. Fosfaras yana da ilektiron biyar a bayansa. Idan ya maye gurbin ƙwayar silikon, huɗu sun shiga ɗauri, na biyar ya rasa abokin ƙulli. Kuzarin da ake buƙata a saki wannan na biyar bai wuce 0.045 ba, wato kashi ɗaya cikin 25 na tazarar silikon, kuma zafin ɗaki ya wadatar. Boron kuwa uku gare shi, don haka gurbi yake kawowa maimakon ilektiron. Silikon mai fosfaras ana kiran sa nau'in n, mai boron kuma nau'in p. Ƙanƙantar abin da ake zubawa ta wuce ta gishiri a miya nesa ba kusa ba: ƙwayar fosfaras guda cikin ƙwayoyin silikon miliyan 50 tana ninka yawan sakakkun ilektiron sau 100,000.

Da zarar an yi gauraye, alaƙar zafi da isarwa ta daina zama labari guda. Ta kasu mataki uku.

A matsanancin sanyi, ƙasa da kimanin digiri 170 ƙasa da sifili, zafin da ke akwai bai isa ya riƙe ko da ilektiron na biyar ɗin a sake ba, sai su koma su lafe a jikin fosfaras ɗinsu. Masana kan ce 'yan dakon sun daskare. A wannan mataki ƙarin zafi yana ƙara isarwa, domin yana tayar da su ɗaya bayan ɗaya. Daskarewar ba kullum take zama asara ba. Na'urar hangen sararin samaniya ta James Webb, wadda aka harba a Disamban 2021, tana ɗauke da wani ido na silikon mai gaurayen asanik da ake sanyayawa zuwa kimanin digiri 266 ƙasa da sifili. Manufar ita ce kada zafin na'urar kanta ya saki ilektiron, ta yadda duk wanda ya motsa, hasken da ya zo daga nesa ne ya tashe shi.

Mataki na biyu shi ne mafi faɗi kuma mafi muhimmanci. A silikon mai irin gaurayen da aka ambata, ya fara ne daga wajen digiri 150 ƙasa da sifili har zuwa wajen 200 sama da shi. A nan duk ilektiron da fosfaras zai bayar ya riga ya bayar, tagwayen da zafi ke haifarwa kuwa ba su taka kara sun karya ba idan aka gwada su da wannan taro. Yawan 'yan dako ya tsaya cak, kamar a jan ƙarfe. Abin da ya rage wa zafi shi ne hanya, kuma ɓata ta yake yi. Saboda haka a wannan mataki isarwa raguwa take yi idan zafi ya ƙaru. Maganar da aka saba haddacewa ta juye ke nan, kuma ta juye ne a daidai inda wayoyi da kwamfutoci da injinan mota ke aiki. Wannan ba kuskure ba ne a ka'idar. Shi ne ainihin abin da injiniya ke nema. Da gauraye yake ƙwace ikon ƙayyade yawan 'yan dako daga hannun yanayi ya mayar da shi hannunsa.

Ko a kan hanyar ma akwai ɗan ja-in-ja. Ban da karkarwar saƙa, ƙwayoyin fosfaras da suka saki ilektiron sun zama masu caji, suna karkatar da duk wanda ya gitta kusa da su. Wannan cikas ya fi damun ilektiron mai tafiyar hawainiya, wato a lokacin sanyi. Mai gudu yakan wuce kafin a janye shi. Don haka sauƙin tafiya yana da ƙololuwa a wani matsakaicin sanyi, yana kuma sauka ta kowane ɓangarenta.

Mataki na uku yana zuwa ne sa'ad da tagwayen zafi, waɗanda ke ta ninkawa a ɓoye, suka cim ma adadin da gauraye ya kawo. A silikon ɗin da ake magana a kai, hakan na faruwa a wajen digiri 280. A jamaniyam mai gauraye daidai da wannan, bai wuce kaɗan sama da digiri 100 ba. Daga nan isarwa takan yi tashin gwauron zabi, kuma bambancin nau'in n da nau'in p ya shafe, domin baƙin sun nutse cikin 'yan gida. Na'urar da aka gina a kan wannan bambanci ta tashi aiki.

5.0 Mahaɗar n da p

Na'ura ba ta jira a kai mataki na uku kafin ta fara nuna gajiya. Dalili kuwa shi ne, dayod da tiransista ba a kan nau'i ɗaya aka gina su ba, a kan mahaɗar n da p ne. Wannan mahaɗa tana barin lantarki ya wuce ta fuska guda, ta tare shi ta ɗaya fuskar. Tarewar ba ta cika ɗari bisa ɗari, akwai ɗan yoyo, kuma masu ɗaukar yoyon su ne tsirarun da zafi ya haifa, ba taron da gauraye ya kawo ba. Gauraye ya daidaita masu rinjaye, amma tsirarun suna nan a hannun zafi. Ƙiyasin da injiniyoyi ke aiki da shi shi ne, yoyon yana ninkawa sau biyu a kowane digiri 10. Daga digiri 25 zuwa 125 ninki goma ke nan a jere, wato kimanin sau 1,000.

Ta fuskar da lantarki ke wucewa kuma, dayod na silikon yana buƙatar bolt 0.6 zuwa 0.7 kafin ya buɗe, kuma wannan buƙata tana raguwa da kimanin kashi 2 cikin 1,000 na bolt a kowane digiri. Raguwar tana da tsari ƙwarai, har ta zama ma'auni: da irin wannan mahaɗa ƙwaƙwalwar kwamfuta ke sanin zafin jikinta, ta ƙara gudun fanka ko ta rage nata gudun. Amma a nan ne kuma haɗari yake. Idan zafi ya sa tiransista ya saki lantarki fiye da da, ƙarin lantarkin yakan ƙara masa zafi, ƙarin zafin ya sake buɗe shi, har ya ƙone. Faffaɗan ƙarfen alminiyam mai haƙora da ake ɗaura wa tiransista a cikin amfilifaya da inbata an sa shi ne don ya kwashe zafin kafin wannan zagaye ya kankama.

Tarihin masana'antar ya juya a kan wannan matsala. Tiransista na farko, wanda John Bardeen da Walter Brattain suka haɗa a ɗakunan binciken Bell a Disamban 1947, na jamaniyam ne, domin ya fi sauƙin tacewa, kuma ilektiron ya fi gudu a cikinsa. Sai dai ƙanƙantar tazararsa ta sa ba ya aiki yadda ya kamata idan zafi ya haura wajen digiri 75, abin da bai gamsar da sojoji da masu ƙera jiragen sama ba. A watan Mayun 1954, a wani taron injiniyoyi a Dayton ta jihar Ohayo, Gordon Teal na kamfanin Texas Instruments ya kunna faifan garmaho ta amfilifaya mai tiransistan jamaniyam, aka tsoma tiransistan cikin mai mai zafi, kiɗa ya ɗauke. Aka sauya da na silikon, aka tsoma, kiɗa ya ci gaba. Bambancin 0.67 da 1.12 ne mahalarta taron suka ji da kunnuwansu. Har yau iyakar da ake rubuta wa yawancin na'urorin silikon tana tsakanin digiri 125 da 175 a cikin mahaɗar.

6.0 Farantin Sola a Ƙasa Mai Zafi

Farantin sola mahaɗar n da p ce mai faɗi da aka shimfiɗa a rana. Haske yana tsallakar da ilektiron, mahaɗar ta raba shi da gurbinsa, ta tura su waje ta wayoyi. Mutane da yawa sun ɗauka zafin rana ne abincinsa, alhali hasken yake ci, zafin kuwa cutarsa ne. Gaskiya ne tazarar silikon tana ɗan tsukewa da zafi, daga 1.17 a sanyi na ƙarshe zuwa 1.12 a zafin ɗaki, kuma hakan yana ɗan ƙara yawan lantarkin da farantin ke fitarwa. Amma ƙarin bai kai ya rufe asarar bolt ba, wadda yoyon mahaɗa ke jawowa. Jimillar ita ce, farantin silikon yana rasa kashi 0.3 zuwa 0.5 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane digiri.

Ƙarfin da ake rubutawa a bayan faranti an auna shi ne sa'ad da zafin jikinsa yake digiri 25. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, a watannin Afrilu da Mayu, zafin iska kansa yakan wuce digiri 40, faranti kuwa a tsakar rana yakan fi iskar da ke kewaye da shi zafi da digiri 20 zuwa 30. Idan aka ɗauki faranti mai wat 300 wanda ke rasa kashi 0.4 a kowane digiri, jikinsa ya kai digiri 65, to ya haura ma'auni da digiri 40, asararsa kashi 16 ke nan. Abin da zai bayar wat 252 ne, ko da babu ƙura ko ɗaya a fuskarsa. Mai rijiyar burtsatse ko ƙaramin asibiti da ya yi lissafinsa a kan 300 zai ga giɓi a daidai watannin da ruwa da firiji suka fi zama dole, ya kuma zargi mai sayarwa da algus alhali farantin lafiyarsa ƙalau. Hanyar rage asarar ba ta da tsada: a bar sarari tsakanin faranti da kwanon rufi don iska ta ratsa, kuma wajen saye a duba adadin asarar kowane digiri da ke rubuce a takardar farantin, domin ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri. A safiyar hunturu lamarin juyawa yake yi: bolt ɗin faranti yakan haura abin da aka rubuta, kuma mai haɗa faranti da yawa a jere dole ya bar wa na'urar caji rarar da za ta ɗauki wannan hawan.

7.0 Bayan Silikon

Hanyar da ta kai masana'antu daga jamaniyam zuwa silikon ba ta tsaya nan ba. Silikon kabayid yana da tazara kimanin 3.3, galiyam naitirayid kuma 3.4. A irin wannan faɗi tagwayen zafi ba su da tasiri sai an haura ɗaruruwan digiri, don haka ake samun su a inbatar motoci masu aiki da lantarki da ƙananan cajojin waya masu ƙarfi. Gwaji mafi tsanani shi ne na Zara, wadda Hausawa ke kira matar wata, inda zafin doron ƙasarta ya kai wajen digiri 460, zafin da ke narkar da dalma. Kumbon Venera 13 na Tarayyar Sobiyet, da ya sauka can a 1982, minti 127 ya yi yana aiko da saƙo kafin ya yi shiru. A 2016 masu bincike na hukumar NASA sun ba da rahoton cewa wasu na'urorin silikon kabayid sun yi sama da mako uku suna aiki a ɗakin gwajin da aka kwaikwayi yanayin Zara a cikinsa, ba tare da sanyayawa ba.

Sai dai faɗin tazara yana zuwa da nasa farashi, kuma a ɗaya ƙarshen ma'aunin ake biya. A irin waɗannan abubuwa baƙin da ake gaurayawa ba sa sakin 'yan dakonsu da sauƙi. Alminiyam a cikin silikon kabayid yana buƙatar kimanin 0.2 kafin ya ba da gurbi, fiye da ninki huɗu na abin da boron ke buƙata a silikon, saboda haka a zafin ɗaki wani kaso ne kawai ke fitowa aiki. Boron a cikin daimon yana buƙatar 0.37. Daimon mai matsakaicin gaurayen boron, a zafin da ɗan'adam ke zufa, yana nan a mataki na farko, mafi yawan 'yan dakonsa a daskare, kuma sai an ɗumama shi sosai sannan isarwarsa ke kaiwa inda ake so.